Cututtukan da sabon kifi kan shigo da su tankin murjani

Masu kiwon kifin teku na ado a gidajensu sun daɗe da sanin cewa babu lokacin da ya fi hatsari kamar ranar da aka saki sabon kifi a cikin tanki. Kifi guda da ake yi wa kallon lafiyayye na iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da za su hallaka duk kifayen da aka yi shekaru ana reno, cikin mako ɗaya ko biyu.

Tankin murjani wani akwatin gilashi ne da ake cikawa da ruwan gishiri, a jera duwatsu da murjani mai rai da katantanwa da jatan lande, sannan a zuba kifaye masu launi, domin a kwaikwayi yadda ƙarƙashin teku yake. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2003 ya ƙiyasta cewa a wancan lokaci ana cinikin kifayen teku na ado miliyan 20 zuwa 24 a kowace shekara. Akasarinsu daga teku ake kamo su, musamman a ƙasashen Indunisiya da Filifin, kana a yi jigilarsu ta jirgin sama zuwa Amurka da Turai da Japan.

A kan wannan doguwar hanya ce matsalar ke farawa. Kifi yakan ratsa hannun masunci da dillali da mai shago, a kowane zango kuma yana cuɗanya da wasu kifayen a ruwa ɗaya, ga gajiya ga yunwa. A teku, ƙwayar cutar da ta bar jikin kifi da wuya 'ya'yanta su sake samunsa. A cikin akwatin gilashi kuwa, ba shi da wurin gudu.

Cutar farin ɗigo

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce cutar farin ɗigo, wadda wata halitta mai ƙwayar rai guda da ake kira Cryptocaryon irritans ke haddasawa. Wata masaniya a Birtaniya, Eleanor Brown, ita ce ta raɗa mata wannan suna a shekarar 1951. Alamarta ita ce ɗige-ɗige farare kamar an barbaɗa wa kifin gishiri, tare da yawan goga jiki a kan duwatsu da kuma saurin numfashi.

Sai dai abin da ido ke gani shi ne mafi ƙanƙantar ɓangare na rayuwarta. Ƙwayar takan shige ƙarƙashin fatar kifi ko gaɓoɓin numfashinsa, ta yi kwana uku zuwa bakwai tana ci. Daga nan sai ta faɗo ƙasan tanki, ta manne a jikin yashi ko dutse, ta lulluɓe kanta da kwanso mai tauri, ta shiga rarrabuwa. Idan kwanson ya fashe, 'ya'ya da kan kai ɗaruruwa ne ke fitowa suna iyo, kuma dole ne su sami kifi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba su mutu.

A nan ne sababbin shiga ke ruɗuwa. Ɗigon yakan ɓace bayan 'yan kwanaki, mai tanki ya yi hamdala yana zaton kifin ya warke, alhali ƙwayoyin sun sauka ne domin su hayayyafa. Galibi kwanson kan fashe cikin mako guda ko makamancin haka a ruwa mai ɗumi, amma an taɓa ganin wanda ya kai kwana 72 kafin ya ƙyanƙyashe. Bugu da ƙari, kifin da ya tsira daga cutar yakan sami kariya ta wasu watanni, ya ci gaba da ɗaukar ƙwayoyi ƙalilan ba tare da wata alama ba.

Masu saurin kisa

Wadda ta fi wannan muni ita ce cutar ƙurar zinari, wadda Amyloodinium ocellatum ke kawowa. Gaɓoɓin numfashi take fara kamawa, kuma kwanso ɗaya na iya fitar da 'ya'ya har 256. Sau da yawa kafin a ga ƙurar a fatar kifi, lokaci ya riga ya ƙure, domin takan yi kisa cikin kwana biyu ko uku.

Akwai kuma Brooklynella hostilis, wadda aka bayyana a shekarar 1970, aka kuma sa mata sunan unguwar Brooklyn ta birnin New York. Ta fi addabar ɗan ƙaramin kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari da ya yi suna a fim ɗin Finding Nemo, inda takan sa fatarsa ta riƙa zubar da yauƙi mai kauri. Sai kuma wasu tsutsotsi masu faɗi da ke manne wa fata da idanu, waɗanda ba a cika ganinsu ba sai an tsoma kifin na 'yan mintoci a ruwan da ba shi da gishiri, su yi fari su faɗo.

Dalilin da ya sa magani ke da wuya

Magunguna dai akwai su. Ana amfani da sinadarin jan ƙarfe wajen yaƙar farin ɗigo da ƙurar zinari. Ana kuma amfani da kulorokwin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, yayin da tsutsotsin ake kashe su da praziquantel, wato maganin da ake bai wa masu fama da tsargiya. Wasu kan rage gishirin ruwan zuwa ƙasa da rabin na teku, dabarar da ke tasiri a kan farin ɗigo amma ba ta yi wa ƙurar zinari komai.

Matsalar ita ce, jan ƙarfen da zai kashe ƙwayar cuta zai kashe murjani da katantanwa da jatan lande, kuma duwatsun tanki sukan tsotse shi, su riƙa sakinsa daga baya. Haka nan murjani ba ya jure ruwa mai ƙarancin gishiri. Shi kansa jan ƙarfen ba ya taɓa ƙwayar da ke cikin kwanso ko ƙarƙashin fata, sai wadda ke iyo, saboda haka sai an shafe makonni ana auna yawansa a kullum, domin tazarar da ke tsakanin abin da zai yi magani da wanda zai cutar da kifin kaɗan ce.

Killacewa

Wannan ne ya sa manyan gidajen nuna halittun ruwa ke killace duk sabon kifi na aƙalla kwana 30 a wani tanki dabam, marar yashi da murjani, mai komarsa da bokitinsa na kansa. Masu kiwo a gida da dama kan ƙi yin haka, saboda kuɗin tanki na biyu ko ɗokin ganin sabon kifi a cikin 'yan uwansa, wasu kuma su dogara ga tafarnuwa a abinci, wadda ba ta kawar da cutar daga tanki.

Idan cutar ta riga ta shiga, sai an kamo kifayen duka, abin da kan tilasta a wargaza duwatsu, a yi musu magani a waje, sannan a bar babban tankin babu kifi ko ɗaya har ƙwayoyin su mutu da yunwa. Masu taka-tsantsan sukan jira kwana 76. Sukan kuma yi wa sabon murjani da katantanwa irin wannan killacewa, tun da kwanson na iya shigowa manne a jikin dutse ko ɓawo.