Yadda ake kula da banɗakin gida don kada ya toshe

A yawancin garuruwan yankinmu, daga Garwa da Marwa a Kamaru zuwa Njamena a Chadi da Kwatano a Benin, gidaje kaɗan ne ke haɗe da babban bututun da ke ɗauke ƙazanta zuwa bayan gari. Kowane gida da raminsa. Duk abin da aka zuba a banɗaki yana nan ƙarƙashin tsakar gida, kuma in ya toshe, mai gida ko ƴan haya ne za su biya kuɗin gyara. Mafi yawan toshewar kuwa abu biyu ne ke kawo ta: jefa abin da ba ya narkewa, da ƙarancin ruwan kora.

Yadda banɗakin ruwa yake aiki

Ko na zama ne ko na tsuguno, a ƙarƙashinsa akwai lanƙwasasshen bututu da ruwa ke kwanciya a ciki, wanda masu gyaran famfo ke kira sifon. Wannan ruwan shi ke tare wari da ƙudaje da kyankyasai daga fitowa. Nan ne kuma hanya ta fi matsewa, don haka a nan kaya ke maƙalewa. Daga nan sai bututu mai faɗin kusan milimita 100, wanda ya kamata ya riƙa gangarawa kimanin santimita 2 a kowace mita, har ya kai ramin siminti da ake kira fosse septique da Faransanci. A cikin ramin, abu mai nauyi yana kwanciya a ƙasa, ƙananan ƙwayoyin halitta suna ruɓar da shi, ruwan kuma ya wuce rami na biyu, ƙasa ta shanye.

Abin da ba a jefawa

Leda, audugar mata, kunzugun jarirai, tsumma, gashi, guntun sigari da takardar jarida duk ba sa narkewa. Wanda ya yi tsarki da dutse ko hoge ko totuwar masara, kada ya jefa a banɗakin ruwa, domin sifon ba ya iya wucewa da su. Tsarki da buta shi ya fi dacewa da irin wannan banɗaki. Haka ma ruwan wanke-wanke: maiƙon da ke ciki yana daskarewa a jikin bututu, yashi da tokar da aka goge tukunya da su kuma suna kwanciya a lanƙwasa. A ajiye bokitin shara mai murfi a gefe, musamman a gidan haya inda iyalai da yawa ke shiga banɗaki ɗaya, a kuma nuna wa yara amfaninsa.

Ruwan kora

Tankin banɗakin zamani yana sakin kusan lita 6 a tashi ɗaya, tsofaffin kuwa lita 9 ko fiye. Ƙarfin zubowar ne ke tura ƙazanta har ramin. Idan an ɗauke ruwan famfo, a cika bokiti a zuba gaba ɗaya; tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan da buta yana barin ƙazanta a tsakiyar bututu, ta bushe a can.

Tanki mai yoyo kuma yana cika rami da wuri, yana ƙara kuɗin ruwa. Gwajinsa ba wuya: a ɗiga ɗan ruwan zoɓo a cikin tankin, a jira kwata ɗin awa ba tare da an ja ba. In launin ya bayyana a cikin kwanon, robar da ke toshe ƙasan tankin ta lalace, sai a canza ta.

Wanki da magunguna

Buroshi da sabulu sun isa wankin yau da kullum. Farin dattin da ruwan rijiyar burtsatse ke bari yana fita da binega. Ruwan Javel da girezil suna kashe ƙwayoyin cuta, amma in an yawaita zuba su, suna kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazanta a rami, sai ramin ya cika kafin lokacinsa. Kada a taɓa haɗa Javel da binega ko asid: haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma banɗaki wuri ne ƙuntatacce.

Alamomin matsala

Ruwa ya riƙa sauka a hankali, bututu ya riƙa ƙugi, wari ya dawo, ko ƙasar kusa da ramin ta jiƙe ba a yi ruwan sama ba. In toshewar a sifon take, roba mai mariƙi da ake dannawa takan buɗe ta. Kada a zura ƙarfe, domin yana fasa kwano. In duk magudanan gidan ne suka ƙi tafiya, ramin ne ya cika.

Kwashe rami

Ana kwashe rami idan dattin da ya kwanta ya kai rabinsa, ba sai ya tumbatsa ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin damina, domin ambaliya irin wadda ta mamaye unguwannin Njamena a 2022 tana shiga ramuka ta fito da ƙazanta zuwa rijiyoyi, ta nan ne kwalara ke samun hanya. A kira motar kwasa, a kuma bar ɗan dattin a ƙasa don ruɓewa ta ci gaba. Kada kowa ya shiga ramin ko ya leƙa da ashana: iskar ciki tana sumar da mutum nan take, tana kuma kamawa da wuta.

Mai masai na gargajiya ya riƙa rufe bakin ramin, ya hana ruwan sama kwarara ciki don kada ya rufta. Mai shirin haƙa sabo kuma ya bar aƙalla mita 30 tsakaninsa da rijiya, ya tabbatar ƙasan ramin bai kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa ba.