Tsaron Masana'antun Gida Daga Kayan Waje: Darasi Daga Tarihin Saƙa da Shinkafa a Ƙasar Gwandu

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin bin diddigin hanyoyin da hukumomi suka bi wajen kare sana'o'in gida daga kayan da ake shigowa da su daga ƙetare. Za mu dogara ne a kan sana'o'i biyu da mutanen ƙasar Gwandu suka sani sarai, watau saƙa da noman shinkafa. Manomin shinkafa a Diggi, cikin ƙaramar hukumar Kalgo, ba ya ganin jirgin ruwan da ya taso daga Indiya ko Tailan, amma kuwa zuwan jirgin nan yakan taɓa farashin buhunsa a kasuwar Jega ko ta Birnin Kebbi. Ra'ayinmu shi ne, Nijeriya ta fi sabawa da haramta kaya da rufe iyaka, ta bar hanyar bincike da shari'a, alhali kuwa tana da dokar yin haka tun kafin samun mulkin kai.

2.0 Cuta Uku da Maganinsu

Dokokin cinikin duniya sun bambanta cuta iri uku. Ta farko ita ce jibge kaya, watau kamfanin waje ya sayar da kayansa a ƙasarmu a kan farashin da bai kai wanda yake sayarwa a ƙasarsa ba. Maganinta shi ne a ɗora wa kayan ƙarin kuɗin fito wanda bai wuce ratar da ke tsakanin farashin biyu ba. Ƙasar Kanada ce ta fara kafa irin wannan doka a shekarar 1904. Ta biyu ita ce tallafi, inda gwamnatin wata ƙasa take ɗauke wa manomanta ko masana'antunta wani kaso na ɗawainiya, sai kayansu su iso da arahar da ba ta gumi ba. A nan akan sa harajin ramuwa daidai da nauyin tallafin. Ta uku ita ce kwararowar kaya bagatatan, ko da ba wanda ya yi maguɗi. Maganinta shi ne taƙaita shigowar kayan na ɗan lokaci, galibi shekara 4, ana iya ƙarawa, domin masana'antar gida ta gyara zama.

An tanadi na farko da na biyu a sashe na 6 na yarjejeniyar GATT ta 1947, na uku kuwa a sashe na 19. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Nijeriya take cikinta tun kafuwarta a 1995, ta daɗa fayyace sharuɗɗan. Dole a yi bincike a bainar jama'a, a tabbatar da cutar, a tabbatar masana'antar gida ta ji jiki, sa'an nan a nuna cewa wannan cuta ce musabbabin ciwon. Harajin jibge kaya yakan faɗi da kansa bayan shekara 5, in ba a sake bincike an ga dalilin ci gaba da shi ba. Nijeriya ta yi dokar kwastan kan kayan da aka jibge da waɗanda aka tallafa tun a 1958, sai dai ba a cika aiki da ita ba.

3.0 Saƙa: Daga Zamanin Daular Usmaniyya Zuwa Masaƙun Kaduna

A ƙarni na 19 tufafin ƙasar Hausa suna fita ne, ba shigowa kaɗai ba. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851 ya kuma sauka a Gwandu a 1853, ya bayyana yadda turkuɗi da rigunan Kano suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Abin da ya tsare masaƙa da marina a wancan zamani shi ne nisan hanya da tsadar dakon raƙumi da jaki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wannan ganuwa ta fara rushewa. Akoko da alawayyo na Manchesta suka cika kasuwanni, audugarmu kuma aka nufi teku da ita.

Abin lura a nan shi ne, Turawan mulkin mallaka sun san amfanin kare masana'anta. A 1934, da yadin Japan mai araha ya fara ƙwace kasuwa, sai suka ƙayyade yawan wanda za a shigo da shi ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinsu. Amma masaƙun Ingila aka kare, ba masaƙin Gwandu mai sawaye ba. Ke nan duk lokacin da aka ambaci kariya, ya kamata mai nazari ya fara tambayar wanda aka yi dominsa.

Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa masaƙar zamani ta farko a Kaduna a 1957, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Wasu masaƙu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau, suka bunƙasa a inuwar haraji mai nauyi da haramcin shigo da yadi. Da inuwar ta gushe a shekarun 1990, kuma yarjejeniyar da ta ƙayyade cinikin yadi a duniya ta ƙare a farkon 2005, sai atamfar Sin ta malale kasuwar Kantin Kwari. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007. An sake haramta yadin waje, amma yawancinsa ta fasa-ƙwauri yake shigowa, ta Kwatano da Maraɗi. Har ila yau shekarun kariyar ba su magance ƙarancin wutar lantarki da tsufan injuna da lalacewar irin auduga ba.

4.0 Shinkafa: Gwajin Zamaninmu

Tarihin shinkafa ya bi kusan wannan turba. An haramta shigo da ita a 1985, aka ɗage haramcin a 1995, aka koma ga haraji wanda ya kai kashi 110 cikin 100 a 2013. A watan Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana ba da kuɗin musaya don shigo da kaya iri 41, har da shinkafa. A Nuwamba na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi. A Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu. An buɗe wasu a Disamba na 2020, ta Kamba kuwa sai a Afrilu na 2022.

Ba mai musun cewa fadamun Kebbi sun ci moriyar wannan zamani. Noman rani ya faɗaɗa, masana'antar casa ta Labana a Birnin Kebbi ta sami kasuwa, aka buɗe ta WACOT a Argungu a 2017, jihohin Kebbi da Legas kuma suka haɗa hannu suka fito da shinkafar Lake a ƙarshen 2016. Amma akwai ɗaya gefen. Farashin abinci ya hau, talakan birni ya ɗauki nauyin. Rufe iyaka ya shafi mai albasa da mai dabbobi da ɗan tireda, waɗanda ba su da laifin komai, ya kuma raba 'yan'uwa na Kamba da na Gaya. Da tsada ta yi tsanani, sai aka juya da sauri: a Oktoba na 2023 aka janye takunkumin kuɗin musaya, a Yuli na 2024 kuma aka ba da sanarwar ɗage harajin wasu kayan abinci, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na tsawon kwana 150. Manomin da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa bisa lissafin jiya, shi ne ya wayi gari da farashin yau.

A duk wannan ba a zauna an tantance cutar ba. Shin shinkafar waje jibge ta ake yi, ko tallafi ne ya sa ta araha? Alal misali, gwamnatin Tailan ta sayi shinkafa daga manomanta da farashi mai tsoka tsakanin 2011 da 2014, har ta tara tulin da daga baya ta sayar da hasara. Indiya kuma tana da tsarin farashin tallafi ga manoma. Ko kuwa dai noman can ya fi namu sauƙin ɗawainiya ne? Kowace amsa da nata magani. In tallafi ne, harajin ramuwa ya dace. In rahusar noma ce, to maganin yana ga iri da ban ruwa da hanya da wuta, ba ga jami'in kwastan ba.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abubuwa uku. Na farko, kariyar da aka gina a kan bincike ta fi wadda aka gina a kan sanarwa ɗorewa, domin tana da wa'adi sananne, mai zuba jari kuma yana iya yin lissafi da ita. Na biyu, haraji ba ya kama kayan da ba su bi ta ƙofar kwastan ba. Tun da ƙasashen ECOWAS sun fara aiki da harajin bai ɗaya a 2015, kuma Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai a 2019, dole maganin ya haɗa da Benin da Nijar. Na uku, ƙa'ida ita ce masu sana'a su ne suke shigar da ƙara, kuma sai masu goyon bayanta sun kai aƙalla kashi 25 cikin 100 na abin da ake samarwa a gida kafin a buɗe bincike. Wannan yana bukatar alƙaluma na gaskiya: abin da aka kashe a kadada, abin da aka girbe, da farashin kowace kaka.

A nan ne aikin ya faɗo kan jami'o'inmu da ƙungiyoyin manoma. Muna ba da shawara a fara tattara waɗannan alƙaluma gunduma gunduma, daga Diggi zuwa Suru da Argungu, a riƙa adana su shekara shekara. Masaƙan Gwandu ba su sami wanda ya rubuta hasararsu ba, sai aka bar mu da labari. Bai kamata manoman shinkafa su iske kansu a gaban hukuma ba tare da hujja a hannu ba.