Maɗiga

maɗiga (sn., mc.) Wuri mai taushi a tsakar kan jariri, inda ƙasusuwan kai ba su gama haɗewa ba, akan ga tana ɗan bugawa. Ratar ce ke barin kai ya matse wajen haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami sararin girma. Maɗigar ƙeya kan rufe wajen wata 2, ta gaba sai tsakanin wata 12 da 18, galibi bayan rarrafe. In ta lotsa, musamman in yaro na zawo, ruwan jiki ne ya ragu, kuma shafa mata magani ba ya mayar da shi. Nono da asibiti ake bukata. In ta kumbura da zazzaɓi, a gaggauta zuwa asibiti. Misali: "Inna, maɗigar yaron nan ta faɗa, mu kai shi asibiti."