Taɓin hankali da galahanga: Me ke haddasa su, ta yaya ake gano su?

A garuruwa irin su Rano da Kibiya da ke kudancin jihar Kano, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, kalmomi ƙalilan ake amfani da su kan duk wanda ɗabi'arsa ta sauya: a ce ya haukace, ko iska ta taɓa shi, ko an yi masa sammu. Yaron da ya kai shekara uku bai fara magana ba kuwa, sai a ce nauyin baki ne, zai yi.

A wajen likitoci, waɗannan kalmomi sun tattara larurori da dama da suka sha bamban a asali da kuma magani. Rarrabe su shi ne matakin farko na samun sauƙi.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, wato kimanin mutane miliyan 970, na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Akasarinsu masu ciwon damuwa ne da masu matsananciyar fargaba, waɗanda ke ci gaba da noma da kasuwanci ba tare da an lura da halin da suke ciki ba.

Larurar da jama'a suka fi sani da hauka, inda mutum ke jin muryoyin da babu su ko yake zargin ana farautarsa, likitoci na kiran babban nau'inta sikizofireniya, kuma tana kama kusan mutum ɗaya cikin 300.

Me ke haddasa taɓin hankali?

Masana sun yi ittifaƙin cewa da wuya a samu sanadi guda ɗaya. Yawanci abubuwa ne ke haɗuwa.

Na farko shi ne gado. Wanda ke da mai larurar a cikin danginsa na kusa ya fi shiga haɗari. To amma gado ba hukunci ba ne: ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, sau da yawa ɗaya kan kamu da sikizofireniya ɗayan ya tsira.

Na biyu shi ne halin rayuwa: talauci, bashi, asarar amfanin gona, mutuwar aure, rasuwar makusanci, cin zarafi tun ana yara, ko ganin tashin hankali ido da ido.

Na uku shi ne shaye-shaye. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya nuna cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye cikin shekara guda. A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tabar wiwi, musamman idan an fara ta da ƙuruciya, tana ƙara haɗarin gushewar hankali.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ciwon jiki. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, taifot, farfaɗiya, ciwon maƙoƙo da buguwar kai a haɗarin babur, duk suna iya sa mutum sambatu da fita hayyacinsa. Haka nan mace ɗaya ko biyu cikin 1,000 kan samu ruɗewar hankali a makonnin farko bayan haihuwa, larurar da ke buƙatar kaiwa asibiti da gaggawa, kuma ana warkewa daga gare ta.

Mece ce galahanga?

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, daban take da hauka. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa tun yana ciki, wanda ke shafar magana da cuɗanya da mutane. A bakin jama'a kalmar kan haɗa har da wasu larurorin yara na daban, abin da ke ƙara ruɗani.

Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ne ya bayyana ta a 1943 bayan nazarin yara 11. A 1944 Hans Asperger ya yi bayanin wani nau'inta a birnin Biyana na Ostiriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da ita, kuma an fi gano ta a tsakanin yara maza.

Larurar hawa-hawa ce. Wani ba ya magana sam kuma yana buƙatar kulawa tsawon rayuwarsa, wani kuma yakan yi karatu har jami'a.

Bincike ya nuna gado ne ya fi rinjaye a cikin dalilanta. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗarin sun haɗa da tsufan iyaye lokacin ɗaukar ciki, haihuwar bakwaini, wahalar naƙuda da ta hana jariri samun iska, ciwon suga a lokacin goyon ciki, da shan maganin farfaɗiya mai suna balfurowet yayin da mace ke da juna biyu. Rashin tarbiyya ko sakacin uwa ba ya haddasa ta.

Allurar rigakafi fa?

A 1998 wani likita ɗan Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa wani rahoto da ke danganta allurar rigakafin ƙyanda da galahanga. A 2010 mujallar Lancet ta janye rahoton, aka kuma ƙwace masa lasisin aiki. Bincike kan dubban ɗaruruwan yara bai samu wata alaƙa ba.

Batun na da muhimmanci a jihar Kano, inda jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne, alamomin galahanga kan fito fili ne daidai shekarun da ake yi wa yara allurai.

Ta yaya likitoci ke ganowa?

Babu wani gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ciwon damuwa, ko sikizofireniya, ko galahanga. Ana yin gwaje-gwajen ne domin a tabbatar ba ciwon jiki ne ke haddasa alamomin ba.

Makamin likita shi ne tambaya da lura. Zai so ya san yaushe abin ya fara, ko da zazzaɓi ya zo, ko mutum na barci da cin abinci, me yake sha, ko an taɓa samun irinsa a dangi, da kuma ko yana tunanin kashe kansa. Saboda haka yana da kyau wanda ke zaune da majinyaci ya raka shi, tare da duk magungunan da aka ba shi, na asibiti da na gargajiya.

Daga nan sai a auna bayanan da ma'aunin da aka amince da shi, kamar kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a Janairun 2022. Alal misali, ba a kiran baƙin ciki ciwon damuwa sai ya kai aƙalla mako biyu yana hana mutum harkokinsa.

A game da yara, ana duba ko yaro na waiwayowa idan an kira sunansa, yana haɗa ido, yana nuni da yatsa, yana wasa da tsararrakinsa, ko kuma yana maimaita motsi ɗaya, yana firgita da ƙara ko sauyin abin da ya saba. Yaron da ya fara magana sannan ta ɗauke, a gaggauta kai shi. Ƙwararre kan iya gano galahanga tun daga shekara biyu.

Wajibi ne a fara da gwajin ji, domin sanƙarau, ƙyanda da shawarar jarirai kan bar yaro da kurumta, wadda ke kama da galahanga alhali maganinta daban ne.

Ina za a je?

Ga mazauna Rano da Kibiya, matakin farko shi ne cibiyar lafiya mafi kusa ko babban asibitin Rano, inda za a duba zazzaɓi da sauran ciwukan jiki. Idan ana buƙatar ƙwararru, akan tura majinyaci birnin Kano, zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Ƙwararrun ba su da yawa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa likitocin fannin ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200. Irin wannan giɓi ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri a 2008 na horar da ƙananan ma'aikatan lafiya su gano larurorin da aka fi samu.

A Janairun 2023 aka sanar cewa shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyata.

Iyalai da yawa kan fara da addu'a da ruƙiyya, kuma likitoci ba sa hana hakan. Abin da suke gargaɗi a kai shi ne jinkiri, da duka, da sanya mari. Wanda sanƙarau ya ruɗa na iya rasa ransa cikin kwana ɗaya ko biyu, yaro mai galahanga kuma ya fi amfana da horon magana da cuɗanya idan an fara tun yana ƙarami.