Tantance ayyuka kafin binciken tasirin muhalli a Najeriya

Tantance ayyuka shi ne matakin farko a tsarin binciken tasirin muhalli, wanda ake taƙaitawa da EIA. A wannan mataki ne hukuma ke yanke shawarar ko wani aiki, kamar haƙar mai a cikin teku, gina dam ko haƙar ma'adinai, yana buƙatar cikakken bincike, ko taƙaitacce, ko kuma ba ya buƙatar komai. A Najeriya Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke da wannan iko, kuma doka guda ce ke aiki tun daga gaɓar tekun Atilantika har zuwa jihohin arewa irin su Katsina.

Tarihi

Amurka ce ta fara kafa irin wannan doka, wadda ta soma aiki a farkon 1970. A Najeriya kuwa, abin da ya farkar da gwamnati shi ne jibge shara mai guba da aka kawo daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta, lamarin da ya fito fili a 1988. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 86 kan binciken tasirin muhalli. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli, ta gaji ayyukan FEPA.

Yadda ake tantancewa

Mai aikin, ko kamfani ne ko hukumar gwamnati, yana miƙa bayanin aikinsa ga ma'aikatar. Jami'ai sukan ziyarci wurin, sannan su duba abubuwa uku: irin aikin, girmansa, da yanayin wurin da za a yi shi. Daga nan sai a sanya shi a ɗaya daga cikin rukunai uku:

Rukuni na 1: ayyukan da cikakken bincike ya zama dole a kansu.
Rukuni na 2: ayyukan da taƙaitaccen bincike ke wadatarwa. Amma idan wurin mai rauni ne, kamar dazukan bakin teku ko yankin da hamada ko zaizayar ƙasa ke barazana, ana mayar da aikin rukuni na 1.
Rukuni na 3: ayyukan da ake ganin ba su da illa ga muhalli, kamar shirye-shiryen ilimi da lafiya.

Idan aiki ya faɗa rukuni na 1, ana baje rahoton binciken na tsawon kwanakin aiki 21 domin jama'a su karanta su faɗi ra'ayinsu, kafin kwamitin masana ya zauna a kai.

Ayyukan cikin teku

Dokar 1992 ta zo da jerin ayyukan da ba sa tsallake cikakken bincike. Daga ciki akwai buɗe filayen mai da iskar gas, shimfiɗa bututu a teku da tsawonsa ya wuce kilomita 50, da cike bakin teku da ƙasa a fili mai hekta 50 ko fiye. A fannin mai, hukumar NUPRC, wadda dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ma tana da nata sharuɗɗan muhalli, yayin da NOSDRA, da aka kafa a 2006, ke bibiyar malalar mai.

Muhimmancin matakin ya bayyana a tekun Meziko. A 2009 hukumar ma'adinai ta Amurka ta yafe wa shirin haƙar rijiyar kamfanin BP cikakken bincike. Ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandamalin Deepwater Horizon ya fashe, mutum 11 suka mutu, mai ya yi ta kwarara kusan wata uku. A Najeriya ma, a Disamba 2011 kimanin ganga 40,000 ta malala daga filin Bonga na kamfanin Shell, mai nisan kusan kilomita 120 daga gaɓa.

A kudancin jihar Katsina

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba su da teku, amma jerin ya shafe su ta fuskar noma, ruwa da ma'adinai. Cikakken bincike dole ne idan lasisin haƙar ma'adinai a sabon wuri ya wuce hekta 250, ko ruwan dam zai mamaye hekta 200, ko za a sare daji hekta 500 don noma, ko shirin noma zai tayar da iyalai 100. Ƙanƙara ta shahara da farar ƙasa, don haka duk babban kamfanin da zai haƙe ta sai ya bi ta wannan mataki. Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta wajabta rahoton muhalli kafin fara haƙa.

Matsaloli

Babban rauni na tsarin shi ne dogaro da girman aiki. Ƙananan ramuka masu yawa na iya yin ɓarnar da ta fi ta babban kamfani ɗaya, alhali babu wanda ya kai ma'aunin doka, masu haƙar gargajiya kuma ba sa kai takarda ma'aikata. Haka ya faru a jihar Zamfara, wadda ke iyaka da Ƙanƙara da Faskari: a 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum.

Wata matsalar ita ce ƙarancin tara. Dokar 1992 ta ƙayyade wa kamfanin da ya saɓa mata tarar da ba ta wuce Naira miliyan ɗaya ba, kuɗin da bai taka kara ya karya ba ga kamfanin mai. Bugu da ƙari, da Turanci ake rubuta rahotannin, abin da ke hana manoma da makiyaya da yawa cin moriyar kwanaki 21 na faɗin ra'ayi.