Kan Sarki: Tarihin da ke Kwance a Cikin Adakar Kakanninmu

Yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya mu leƙa tarihi, mu yi magana a kan ƙaramar takardar nan da ake liƙawa a bayan ambulan, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna kan sarki. Sunan kansa tarihi ne, domin kuwa na farko da aka buga a duniya, a Ingila cikin 1840, hoton kan Sarauniya Biktoriya ne a jikinsa, kuma da irin wannan kamar ya iso mana.

Kafin zuwansa ƙasar Sakkwato ta san wasiƙa sarai. A shekarun da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana kusa da shi a Bodinga, takardu sun yi ta kai da kawo tsakanin wannan yanki da masu tuta na gabas da yamma. Manzanni ke ɗauke da su, a ƙafa ko bisa doki. Daga baya sarakunan Daular suka riƙa buga hatiminsu a kan wasiƙa, shi ne shaidar cewa daga gare su ta fito.

Turawa sun fitar da kan sarki mai ɗauke da sunan Arewacin Nijeriya a 1900, wato shekara 3 kafin su ci Sakkwato a 1903. Kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga shi. Bayan Biktoriya aka sa kan Sarki Edward na 7, sannan na Joji na 5. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 sai aka daina buga su, aka koma rubuta Nijeriya kurum. Ke nan shekara 14 kacal suka yi, shi ya sa masu tara kan sarki suke nemansu ruwa a jallo, musamman na fam 25 da ya fito a 1904, wanda yake cikin mafiya tsada a duk na Afirka. Na 1953 kuwa sun zo da hotunan ƙasa, irin su mahayan Barno da gyaɗa da gadar Jabba. A 1973 aka bar sule da fam aka koma naira da kwabo, don haka wasiƙun zamanin mulkin marigayi Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, duk farashinsu da kwabo ko naira yake.

To, yaya masana ke gane mai kyau? Da farko suna duba haƙoran da ke kewaye da shi, domin guda ɗaya in ya karye daraja ta ragu. Sai su duba ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, ko kuwa ya karkata gefe. Sai launi, ko rana ta cinye shi. In ba a taɓa amfani da shi ba, ana juya bayansa a ga ko danƙonsa na asali yana nan. Ana kuma ɗaga shi a haske don a ga ɓoyayyiyar alamar da ke cikin takardar, a tabbatar ba jabu ba ne, a kuma gano yagewa ko lanƙwasa. Ba a kama shi da yatsa, saboda gumi da maiƙo, sai da hantsaki.

Amma ga inda gizo ke saƙa. In an yi amfani da kan sarki, hatimin gidan waya da aka buga masa shi ne ke faɗin gari da rana. Hatimin Legas ko Kano ya cika duniya, na ƙaramin gari kuwa wuyar samu gare shi. Ambulan da aka aiko wa wani malami a Bodinga, ko wanda ɗan makaranta ya aika wa mahaifinsa a Shagari, yana nuna hanyar da wasiƙar ta bi da kuɗin da aka biya, wani lokaci har da kwanakin da ta yi a hanya. Duk wanda ya ɓamɓare kan sarkin daga jikinsa ya raba shi da shaidarsa, ya mai da tarihi tarkace.

Abin takaici shi ne, tun da wayar salula ta shigo a 2001 rubuta wasiƙa ya ja baya ƙwarai, waɗanda suka rage kuma gara da kyankyasai da danshin damina suna ta cin su. In dattijo ya rasu, sau da yawa magada kan ware takardun Larabci su adana, sauran kuma a cinna musu wuta ko a ƙunsa ƙosai da su.

Don haka mai karatu, in ka buɗe adakar kakanka ka ci karo da tsohon ambulan, bar shi yadda yake. Kada ka wanke shi, kada ka manna masa salatif. Saka shi tsakanin fararen takardu, a ajiye inda ba rana ba laima, ka kuma tambayi tsofaffin gida wane ne ya aiko shi tun suna da rai. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.