Yadda Aka Samu Lauyoyin Tambarin Kaya

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa a ƙasar Hausa ya san cewa sau da yawa ba da suna ake neman kaya ba, da hoton da ke jikinsu ake nema. Za ka ji ana cewa a ba ni batir mai kan damisa, ko sabulu mai agwagwa. Mai saye ko bai iya karatu ba ya san hoton, kuma ya san abin da ya samu a wancan karon da ya saya. To idan wani ya buga irin wannan hoto a kan jabun kayansa, ya ci da gumin wani, ya kuma cuci mai saye. Wannan matsala ce ta haifar da wata sana'a a ƙasar Ingila, wato aikin lauyan tambarin kasuwanci, wanda shi ne za mu duba tarihinsa a yau.

Kafin shekarar 1875, idan aka kwaikwayi tambarin ɗan kasuwa a Ingila, sai ya je kotu ya kawo shaidu cewa jama'a sun daɗe da sanin wannan alama tasa ce. Shari'ar kan ɗauki lokaci ta kuma ci kuɗi, don haka ƙaramin ɗan kasuwa sai dai ya haƙura. A shekarar 1875 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar rajistar tambari, aka buɗe ofishin rajista a Landan ranar 1 ga Janairu, 1876. Tambarin da ya samu lamba ta ɗaya shi ne jan dala mai kusurwa uku na kamfanin giya na Bass, wanda ke garin Burton. Ana ba da labari cewa wani ma'aikacin kamfanin ya kwana a ƙofar ofishin don kada a riga shi. An kuma buɗe reshe na musamman a birnin Manchester saboda yawan tambarin da ke jikin yadin auduga, irin wanda ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Indiya da Afirka ta Yamma.

Daga ranar da aka buɗe wannan littafi, suna ya zama dukiya a rubuce, wadda ake iya sayarwa ko a gada. Sai dai kuma shiga littafin ba abu ne mai sauƙi ba, domin kuwa ba kowace kalma ake karɓa ba. Mai sayar da zuma ba zai ce kalmar zuma tasa ce shi kaɗai ba, haka nan ba za a karɓi alamar da ta yi kama da wadda wani ya riga ya shigar ba. Nan fa 'yan kasuwa suka fara neman wakilai waɗanda suka san kan aikin. Aikin ya ƙara faɗi bayan yarjejeniyar Faris ta 1883 da ta Madrid ta 1891, waɗanda suka buɗe hanyar kare tambari a ƙasashen waje.

A shekarar 1934 waɗannan wakilai suka kafa ƙungiyarsu a Landan, inda suka riƙa shirya wa masu son shiga sana'ar jarrabawa. Dokar 1988 ta tanadi rajistar su kansu wakilan, a 2010 kuma hukumar IPReg ta karɓi ragamar sa ido a kansu. A 2016 ƙungiyar ta samu takardar amincewar masarautar Ingila, ta koma amsa sunan CITMA.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya ake zama irin wannan lauya? Abin sha'awa shi ne ba dole sai wanda ya karanta shari'a a jami'a ba. Wanda ya karanta harsuna ko tarihi ko kimiyya yana iya shiga. Yawanci mutum kan samu gurbin koyon aiki a wani ofishi, ya yi kwas na farko a kan dokokin mallakar fasaha a jami'a irin su Queen Mary ta Landan, sannan ya yi na biyu a kan aikin kansa a makarantar lauyoyi ta Nottingham. Sai ya cika aƙalla shekara biyu yana aiki a ƙarƙashin wani gogagge kafin a sa sunansa a rajista.

Shi aikin kuwa, mafi yawansa a ofis ake yi ba a kotu ba. Kafin a fitar da sabon kaya, lauyan zai bincika ko wani ya riga ya mallaki sunan. Daga nan ya zaɓi rukunin da za a shigar da shi, domin yarjejeniyar Nice ta 1957 ta kafa tsarin da a yau ke da rukuni 45, 34 na kaya, 11 na hidima. Idan wani ya ƙalubalanci rajistar shi ne zai ba da amsa, kuma shi ne zai tuna da sabuntawa duk bayan shekara goma. Ko manyan kamfanoni ba kullum suke nasara ba. A 1986 kotun ƙoli ta lokacin ta hana Coca-Cola rajistar siffar kwalbarsa, sai da dokar 1994 ta zo sannan aka yarda da rajistar siffar kaya. A 2017 kamfanin Nestlé ya sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara kan siffar cakulan KitKat.

Wannan tarihi ya shafe mu, domin dokar tambari ta Nijeriya ta 1965 daga dokar Ingila ta 1938 aka ɗauko ta. Ofishin rajistar yana Abuja, inda lauyoyi da wakilan da aka tantance ke shigar da takardu. Rajistar farko shekara bakwai take yi, sabuntawa kuma shekara 14. Ita kuwa Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, har da Kamaru da Cadi.

Saboda haka ina jan hankalin masu haɗa turare da yaji da man shafawa, da ma masu kamfanonin ɗab'i da na fim. Mutum kan shafe shekara goma yana gina suna, ya wayi gari wani ya riga shi kai sunan ofishin rajista, daga nan sai doguwar shari'a irin wadda 'yan kasuwar Ingila suka sha kafin 1875. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda yake da tambarin da jama'a suka sani, ya nemi masanin wannan aiki tun kafin a riga shi.